3.4 Halin Damuwa ga Masu Cutar Kuturta a Lokacin Annobar Korona

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda annobar korona ta shafi hankali da zuciyar masu fama da cutar fata mai daɗewa. An zaɓi kuturta ne domin ita ce cutar fatar da Bahaushe ya fi sani, kuma ya fi ƙyama.

Kuturta cuta ce da wata ƙwaya ke haddasawa, wadda likita Hansen ɗan ƙasar Norway ya gano a shekarar 1873. Takan kama fata da jijiyoyi, har ta kashe ji a hannu da ƙafa. Tun daga 1995 ake bayar da maganinta kyauta, kuma ana shan sa ne tsawon wata 6 ko wata 12, gwargwadon ƙarfin cutar. Duk da haka, maganin bai kawar da tsangwama ba. Sau da yawa akan raba wa mai cutar kwano da tabarma, wani ma a raba shi da matarsa. Ke nan tun kafin annoba ta zo, a keɓe yake.

Korona ta ɓulla a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, kuma a watan Afrilu aka kafa dokar kulle a Kano. Wannan doka ta taɓa masu kuturta ta fuskoki uku.

Ta farko ita ce yankewar magani. Da aka hana zirga-zirga, zuwa asibitocin kuturta kamar na Yadakunya a Kano ko na Saye a Zariya ya yi wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa sababbin masu cutar da aka gano a duniya sun haura 200,000 a 2019, amma a 2020 ba su kai 130,000 ba. Wannan ba raguwar cuta ba ce, raguwar masu isa asibiti ce. Wanda ya san jinkirin magani na iya cinye masa yatsu, to da fargaba zai kwana, da ita zai tashi.

Ta biyu ita ce yankewar abin masarufi. Da yawa daga cikin waɗanda cutar ta nakasa sun dogara ne ga bara a kasuwanni da masallatan Juma'a. An rufe waɗannan wurare, kuma kullen ya faɗo cikin watan azumi, lokacin da sadaka ta fi yawa. Hausawa na cewa, kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Wato ɗan abin hannunsa shi ne mutuncinsa, idan ya rasa shi ya rasa biyu.

Ta uku ita ce kaɗaici. Zaman hira da 'yan'uwansa masu lalura iri ɗaya shi ne ke ɗebe masa kewa, sai dokar nesa-nesa da juna ta hana. Daga nan baƙin ciki da rashin barci da fid da rai sukan biyo baya. Ita dai hukumar ta kiyasta cewa damuwa da ciwon baƙin ciki sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya a shekarar farko ta annobar.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa kula da mai kuturta bai tsaya ga miƙa masa ƙwayar magani ba. Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya tambaye shi barcinsa da cinsa da wanda yake hira da shi, kamar yadda yake duba gyambon ƙafarsa.