Ko Kun Sani? Na'urar Jinkirta Kashe Injin Turbo

Turbo na juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma baƙin mai ke kare shi daga zafi. Idan direba ya iso daga doguwar tafiya ya kashe mota nan take, man na iya ƙonewa a ciki ya daskare. Shi ya sa aka ƙera na'urar da ke barin injin yana aiki bayan an zare makulli. Wasu na ganin dole ne a sa ta, amma yawancin motocin zamani har ruwa na sanyaya turbonsu, kuma jiran minti 2 kafin a kashe injin ya wadatar. A gareji kuwa, bakanike ya kashe na'urar kafin ya taɓa injin, domin fanka na iya yanke yatsa.