Idan Aka Tambayi Ɗalibi Makinsa Wajen Neman Karatun Likitan Haƙori

Likitan haƙori yana da wuyar samu a karkara. Mai ciwo sai ya shiga mota zuwa birni. Shi ya sa abin murna ne idan yaron gari ya ce wannan aiki zai koya. A Arewa, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri suna cikin masu koyar da shi. Karatun shekara 6 ne.

Kafin a ɗauki ɗalibi, sai ya ci jarrabawar gama sakandare, ta WAEC ko NECO. Sannan ya rubuta ta JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Darasi 4 yake rubutawa: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Kowane darasi maki 100 ne, jimla 400.

Daga nan jami'a take kiransa domin tantancewa. Wasu jami'o'i sabuwar jarrabawa suke yi. Wasu takardu kawai suke dubawa. Wani lokaci kuma malamai sukan zaunar da ɗalibi su yi masa tambayoyi baki da baki. A nan ne maganar maki take tasowa.

Malaman sun riga sun san makin, domin yana rubuce a gabansu. Halin ɗalibin suke son gani. A ce yaro ya ci 72 a Bayoloji, amma 48 a Fiziks. Za a iya ce masa, me ya faru a Fiziks? Wani sai ya rikice. Wani ya ce kwamfuta ce ta cuce shi, ko malaminsu ne bai iya ba. Irin wannan amsa ba ta taimakonsa. Gara ya ce lallai darasin ya ba shi wuya, sannan ya faɗi abin da ya yi a kai. Ko ya nemi mai koya masa da yamma, ko ya ari littattafai. Idan makarantarsu ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, babu laifi ya ambata sau ɗaya, ya wuce. Wanda zai riƙe ƙarfe a bakin mutane, dole ya iya faɗin inda ya gaza.

Wanda ya rubuta JAMB sau biyu kada ya ɓoye. Ya faɗi makin farko da na biyu, a ga ya ƙaru. Mai maki da yawa kuma ya guji alfahari. Shi ma ana iya tambayarsa dalilin da ya sa ya zaɓi haƙori.

Babban haɗari shi ne canza maki a takarda. Akwai 'yan damfara da suke karɓar kuɗi su ce za su ƙara wa yaro maki. Iyaye su sayar da rago ko buhun gero su biya. Asara ce kawai. Jami'a daga hannun JAMB take samun maki. Idan aka kama, an rasa gurbin, kuma ko bayan an fara karatu ana iya korar ɗalibi. Tun 2017, duk gurbin gaskiya ta hannun JAMB yake fitowa, ɗalibi ya duba sunansa da kansa.

Ranar tantancewa ɗalibi ya tafi da takardar makinsa ta JAMB, da sakamakon sakandare, da takardar haihuwa, da ta ƙaramar hukuma. Ya isa da wuri.