MAƘOƘO MAI ZAFI: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Zuwa ga Hakimai, da Dagatai, da Masu Unguwa, da Malamansu. An shirya wannan takarda ne domin a bayyana muku wata cuta wadda ta ke ɓoye cikin jama'a, mutane suna ɗaukarta wani abu dabam, har ta kai mai ita ga halaka, alhali kuwa tana da magani. Ku ne ku ke kusa da talakawa, gare ku a ke kawo kuka. Saboda haka ya kamata ku san ta.

1. Mene Ne Wannan Ciwo?

A gaban wuyan kowane ɗan Adam, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, Allah ya halicci wata 'yar tsoka mai ɓangare biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Likitoci suna ce mata tayirod. Nauyinta wajen giram 20 ne ga babban mutum. Aikinta shi ne ta ɗauki aidin daga abincin da mu ke ci, ta haɗa wani sinadari, ta zuba shi cikin jini. Wannan sinadari shi ne ke ƙayyade saurin aikin jiki, watau bugun zuciya, da ɗumin jiki, da yadda jiki ke ƙone abinci. Misalinta kamar zugazugin maƙeri ne. In an zuga daidai, wuta ta ci daidai. In an matsa zuga, sai gawayi ya ƙare nan da nan.

Ita tsokar nan ba ta aiki da ra'ayin kanta. Akwai wata a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ke aiko mata da umurni ta cikin jini, kamar yadda takarda ke fitowa daga fada zuwa gunduma. To, wani lokaci sai jiki ya ruɗe, abubuwan da ke tsaronsa daga cuta su riƙa kai wa tsokar nan umurnin jabu, suna cewa ta ƙara aiki. Ita kuwa ba ta rarrabe hatimin gaskiya da na ƙarya, sai ta yi ta zuga ba dare ba rana. Wannan shi ne sanadin da ya fi yawa. Wani likita mutumin Ailan, Robert Graves, ya bayyana shi a 1835, har yau kuwa da sunansa a ke kiran ciwon. Ga waɗansu kuma, musamman manyan mutane, ƙulli ne ke fitowa cikin tsokar ya riƙa aiki shi kaɗai.

2. Maƙoƙo Iri Biyu

Lalle a rarrabe tsakanin maƙoƙon da aka saba gani da wannan. Na farko yawanci rashin aidin ke kawo shi: wuya ya kumbura, amma mai shi yana harkokinsa. Domin maganinsa ne Gwamnatin Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci tun 1993. Na biyu shi ne wanda mu ke kira a nan maƙoƙo mai zafi. Shi ba ƙarancin aidin ba ne, yawan aiki ne. Ƙara wa mai shi aidin kamar zuba wa wuta mai ne. Sau da yawa ma kumburin wuyan ƙarami ne, ko ba a ganinsa sam.

Ciwon nan ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ana iya cin abinci ƙwarya ɗaya da mai shi. Amma yakan bi dangi. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman daga shekara 20 zuwa 50, wani lokaci kuma yakan taso bayan haihuwa.

3. Alamunsa

(a) Rama, alhali mutum yana cin abinci fiye da da.
(b) Faɗuwar gaba da saurin bugun zuciya ko yana zaune.
(c) Rawar hannu.
(d) Yawan zufa da ƙin zafi. Za ka gan shi yana fifita ko cikin hunturu.
(e) Rashin barci, da saurin fushi, da rashin natsuwa.
(f) Yawan fita bayan gida.
(g) Mutuwar cinyoyi, har tashi daga zaune ko daga sujada ya yi wuya.
(h) Ga mata, rikicewar al'ada ko ɓari.
(i) Ga waɗansu, idanu su firfito waje.

Saboda waɗannan alamu mutane sukan ɓata hanya. Ramar sai a ce tarin fuka ne, ko ciwon sukari, ko a yi ta tsegumin ƙanjamau. Fushin da rawar jiki sai a ce iska ce ko sammu. Mace takan rasa aurenta a kan cewa halinta ya sake, alhali kuwa ciwo ne ke ɗawainiya da ita. In irin wannan magana ta zo gabanku wajen sulhu, ku tuna da wannan takarda.

Ga gwaji biyu waɗanda kowane malami mai agogo zai iya yi. Na ɗaya, mutum ya huta tukuna, sa'an nan a ɗora yatsu biyu bisa jijiyar wuyan hannunsa, a ƙirga bugu har minti ɗaya. Na babban mutum mai lafiya tsakanin 60 da 100 ne. In kullum yana wuce 100, to, da magana. Na biyu, ya miƙe hannuwa gaba, a ɗora fallen takarda a kan yatsunsa, a duba ko tana karkarwa. Amma fa wannan ishara ce kawai. Hukunci sai an auna jini.

4. Inda Za A Je

A fara da asibitin da ya fi kusa. Ga mutanen birni da kewaye akwai Asibitin Murtala Muhammad a Ƙofar Mata, wanda ke aiki tun zamanin En'e, aka sa masa sunan Janar Murtala bayan rasuwarsa a 1976. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a hanyar Zariya, wanda aka kafa a 1988, inda a ke samun likitocin da suka ƙware kan irin wannan ciwo. Likita zai sa a ɗebi jini a auna abu biyu: sinadarin da tsokar ke fitarwa, da umurnin da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa, wanda a ke rubuta shi TSH. In na farko ya yi yawa, na biyu kuwa ya faɗi ƙasa, ciwon ya tabbata, gama fada ta ga aiki ya wuce kima ta daina aiko da takarda.

5. Hanyoyin Magani Uku

Ta farko, ƙwayoyi. Tun 1943 aka fara amfani da irinsu a Amurka. Wanda aka fi bayarwa a nan shi ne kabimazol. Aikinsa rage zuga. Ba ya nuna amfaninsa dare ɗaya, sai bayan mako uku zuwa shida, domin sinadarin da ya riga ya taru sai ya ƙare tukuna. Kafin nan likita yakan haɗa da wata ƙwaya, firofaranolol, mai kwantar da bugun zuciya da rawar hannu. Mai ciwon asma ya gaya wa likita kafin a ba shi ita, gama tana iya tsananta masa. Kabimazol ana shansa wata 12 zuwa 18. Bayan an daina, wajen rabin mutane ciwon yakan komo musu, saboda haka ba a rabuwa da asibiti.

Ta biyu, wani irin aidin na musamman wanda a ke haɗiya, ya tafi cikin tsokar ya rage ta a hankali. An fara shi a birnin Boston a 1941. A Nijeriya asibitoci kaɗan ke yinsa, kamar Asibitin Koyarwa na Badun da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. Ba a ba mai ciki ko mai shayarwa.

Ta uku, aikin tiyata, a cire tsokar ko yawancinta. Ba a yinsa sai an kwantar da ciwon da ƙwayoyi tukuna. Wanda aka yi wa hanya ta biyu ko ta uku, galibi zai riƙa shan wata ƙwaya, tayiroksin, muddin ransa, a madadin abin da tsokar ke yi. Ana shanta da ruwa kawai, ciki ba kome, rabin sa'a kafin karin kumallo.

6. Ka'idodin Shan Magani

Marinin Ƙofar Mata ya san in toka ta yi yawa ko ta yi kaɗan a karofi, baba ba ya kamawa yadda a ke so. Haka maganin nan ya ke. In ya yi kaɗan, wutar ba ta mutu ba. In ya yi yawa, sai mutum ya koma jin sanyi, da kasala, da taurin bayan gida, da kumburin fuska. Don haka ne a ke sake auna jini kamar kowane mako huɗu zuwa shida a farko, likita yana rage ƙwaya bisa ga abin da ya gani.

A sha kullum a lokaci guda. Kada a daina don an ji sauƙi. Kada a ba wani, ko da alamunsu iri ɗaya ne. A saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar Hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

GARGAƊI. Mai shan kabimazol, in zazzaɓi ya kama shi, ko ciwon maƙogwaro, ko gyambo a baki, ya tsai da ƙwayar ya tafi asibiti a ranar a auna jininsa. Kada ya ce zazzaɓin cizon sauro ne ya zauna gida. Ga mutane ƙalilan maganin yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta, wannan kuwa yana kisa in an yi jinkiri. Haka kuma in ido ya yi rawaya kamar mai shawara.

Matar da ke son haihuwa, ko ta ga alamar ciki, ta gaya wa likita nan da nan. A wata uku na farko akan sake mata ƙwaya zuwa wata mai suna PTU, domin kabimazol yana iya taɓa halittar jariri. Amma kada ta daina magani da kanta, gama ciwon da ba a kula da shi ba yana kawo ɓari da haihuwar bakwaini.

Game da azumin Ramadan, a nemi shawarar likita tun cikin Sha'aban. Wanda jikinsa ya daidaita, galibi ana iya shirya masa lokacin shan ƙwaya tsakanin buɗa baki da sahur. Wanda ciwonsa ke kan ganiya, malamai sun san rangwamen da Shari'a ta yi wa marar lafiya.

7. Rama Da Ƙiba

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kafin magani mutum yana ci yana ramewa. A lokacin nan yana bukatar abinci mai gina jiki: wake, da ƙwai, da kifi, da nama, da nono, da ganye irin su zogale da alayyafo da rama. Nono yana da amfani ƙwarai, domin ciwon yana rage ƙarfin ƙashi. Ya yawaita shan ruwa, musamman a bazara, daga Maris zuwa Mayu. Ya rage goro da shayi mai kauri da gahawa, gama suna ƙara faɗuwar gaba. Taba kuwa ya bar ta ɗungum, ita ce babbar mai tsananta ciwon idon. Gishiri a ci kamar yadda aka saba, ba ƙari.

Bayan magani ya kama, wutar ta ragu, amma cin da mutum ya saba ba ya raguwa da wuri. Sai jiki ya murmure, wani ma ya wuce yadda ya ke da. A nan kuskure biyu ne. Dangi sukan ga ta yi ƙiba su ce ai ta warke, a daina ɓarnar kuɗi. Wata kuma takan ji tsoron ƙibar ta daina shan magani don ta rame. Duka biyu hanyar komowar ciwo ce, ƙarshenta kuwa ciwon zuciya.

Abin yi shi ne a hau ma'auni sau ɗaya a mako, ma'auni guda, a rubuta. In nauyi ya komo yadda ya ke kafin ciwo, sai a rage malmalar tuwo da shinkafa, a rage sukari da lemon kwalba da soye-soye, a ƙara miyar ganye. In bugun zuciya ya daidaita, a riƙa tafiya da ƙafa kamar rabin sa'a da sanyin safiya ko da yamma. In ƙiba tana ƙaruwa tare da kasala da jin sanyi, a koma wurin likita, watakila ƙwayar ce ta yi yawa. Kada a sha maganin ƙiba na kasuwa, irin wanda a ke kira sha ka fashe, kada kuma a sha na rama.

8. Abin Da A Ke Roƙonku

Na ɗaya, ku karanta wa dagatai da masu unguwa wannan takarda, su kuma su isar ga limamai, da ungozomai, da wanzamai. Na biyu, ku hana tsaga ko sakiya a kumburin wuya. Manyan hanyoyin jini suna nan wurin, ba kuwa ruwa ko mugunya ke ciki ba balle a fitar. Na uku, ku ja hankalin magidanta su bar matansu su riƙa zuwa asibiti a ranakun da aka sa musu, su kuma taimaka da kuɗin awon jini. Na huɗu, malamai su taimaki wanda ba ya karatu da rubuta ranar komawa, da nauyinsa, da yawan ƙwayar da ya ke sha. Sirrin marar lafiya amana ce, kada ya zama abin hira a zaure.

Na biyar, in kuka ga mai wannan ciwo da zazzaɓi mai tsanani, zuciya tana bugawa kamar za ta fito, yana amai ko sambatu, ku nemi mota a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne. Wannan hali ba ya jiran gari ya waye.

Wanda aka gane ciwonsa da wuri, ya kuwa bi ka'ida, zai yi nomansa, da kasuwancinsa, da ibadarsa kamar kowa, mace kuma ta haihu lafiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya taimake ku bisa riƙon jama'a. Amin.