Ikon Su a Gulbin Rima: Tsakanin Sarkin Ruwa da Mai Makullin Madatsa

Wanda ya tashi daga Arkilla, a yammacin birnin Sakkwato, ya bi hanyar Kalambaina ya nufi Wamakko, ba zai yi nisa ba sai ya hangi fadama shimfiɗe ta hannunsa na dama. Wannan ita ce fadamar gulbin da ya haɗa ruwa biyu: na Rima, wanda ya gangaro daga arewa maso gabas, da na Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajen Funtuwa ya biyo ta Gusau da Talata Mafara. Bayan sun gamu kusa da birni sai su zarce Argungu da Birnin Kebbi, har su faɗa Kwara. Ita Arkilla tana cikin Ƙaramar Hukumar Wamakko, amma gine-ginen birni sun riga sun haɗe ta, har mafi yawan mazaunanta ba su san gulbin ba sai ta kifin da su ke saye. Duk da haka akwai wata tambaya da ta shafi tukunyar ko wane gida a can, watau wa ke da ikon cewa a kama kifi, ko kuwa a dakata? Wannan takarda za ta nuna cewa ikon da Hausawa su ka sani a kan su ikon lokaci ne kafin ya zama na wuri, kuma lokacin nan ya riga ya fita daga hannun masu shi.

Abin da kalmomi su ka riƙe

Ya kamata a fara da harshe, domin a cikinsa al'ada ta kan ajiye dokokinta. Hausa ta bambanta kamun kifi, wanda Sakkwatawa ke ce wa kamun kihi, da su. Kamun kifi suna ne na aikin ko ta yaya a ka yi shi. Su kuwa sana'a ce, kuma taro ne, yana da shugaba, yana da rana. Muryar kalmar faɗuwa ta ke yi, da haka a ke rarrabe ta da su ɗin nan na jam'i. Daga gare ta a ka sami masunci da masunta, inda t ta jam'i ta koma c a gaban wasalin i, kamar yadda ta yi a mafarauci da mafarauta. Akwai kuma Sarkawa, masuntan gado na ƙasar Kabi da Yawuri. Ko da ya ke sunansu ya yi kama da sarki, masana sun danganta shi ne da Sorko, masuntan daular Songai na bakin Kwara.

Kalmar da ta fi ko wace nauyi a wannan fage ita ce fashi. A rubuce guda ce, amma a baki biyu ce. Akwai fashi mai dogon wasali a gaɓar farko, watau ɗage abu zuwa wani lokaci, kamar a ce an yi fashin kasuwa. Akwai kuma fashi mai gajeren wasali, daga fasa irin na tulu ko ƙwai. Fashin ruwa, watau buɗe ruwa ga masunta bayan an hana shi, daga na biyun ya fito. Abin lura shi ne, aikin Sarkin Ruwa duka yana tsakanin kalmomin nan biyu: ya sa a fasa su muddin kifi bai isa ba, sa'an nan ya fasa ruwa ran da ya isa.

Sarkin Ruwa da shekarar kifi

Ba za a gane dalilin hanin ba sai an san rayuwar kifin fadama. Idan damina ta kankama, gulbi ya cika ya bar gadonsa ya malala cikin fadama, sai kifaye su bi sabon ruwa su shiga ciyawa su saki ƙwai. A nan 'ya'yan tarwaɗa da karfasa da kurungu da balli ke samun abinci da maɓoya. Da kaka ruwa ya fara ja da baya, waɗansu su koma gulbi, waɗansu su maƙale cikin tafukka da gurabu masu zurfi. Gaiwa ita kuwa ta kan nutse cikin laka ta jira wata damina. To, in a ka auka wa tafki tun ruwa bai gama janyewa ba, ƙanana za a kwashe; in a ka yi haƙuri har rani ya tsaya, sai a sami manya, a kuma bar iri cikin gurabun da ba su ƙafewa.

Wannan haƙuri ba ya samuwa sai da mai tsawatawa, shi ne Sarkin Ruwa. Sarauta ce ta sana'a, irin ta Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, galibi ta gado, kuma tana ƙarƙashin hakimi ko sarkin ƙasa. Shi ke hana ruwa, shi ke sa ranar su, shi ke raba gardama in taru ya hau kan taru. Baƙon masunci ya kan fara sauka wurinsa ya nemi izini kafin ya jiƙa komarsa, in an yi kamu kuma a fitar masa da rabonsa. A kansa ne kuma nauyin ceto ya ke in jirgi ya kife, da neman gawa in ruwa ya ci mutum. Ba ya hana mace ɗiban ruwa, ba ya hana makiyayi shayar da shanu, domin Musulunci ya sa mutane tarayya cikin ruwa da ciyawa da wuta. Ashe dai ruwan na kowa ne, ranar shigarsa da kayan su ita ce a hannun mutum guda.

Kayan aikin ma suna da daraja hawa hawa. Fatsa, watau ƙugiya guda da zare da sanda, aikin yara ce da masu neman na miya, ba a cika damuwa da ita ba sai a ruwan da a ka keɓe. Birgi da koma da gura sun fi ta kamu. Taru da mamari kuwa, da shingen da a ke gicciyawa a bakin mashigar ruwa, su ne ke iya share wuri ƙaƙaf, saboda haka a kansu ido ya fi tsananta.

Misalin Argungu

Inda wannan tsari ya fi fitowa fili shi ne Argungu, mazaunin sarautar Kabi bayan da mayaƙan jihadi su ka ci Birnin Kebbi a 1805. Kabawa suna da al'adu na ruwa tun kafin wannan zamani, cikinsu har da gyaran ruwa da fashin ruwa, kuma Sarkin Ruwa da Homa su ne jagororinsu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa da tabbatar da sulhu tsakanin gidajen biyu. Daga nan bikin da duniya ta sani ya samo asali, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam a 2016.

Baƙo ya kan tafi da labarin dubban mutane da su ka ruga cikin Matan Fada da homa da gora, da ƙaton giwan ruwan da a ka ɗora a sikeli. Amma abin da ya haifi wannan sa'a guda shi ne watannin da a ka yi ba a taɓa wurin ba. Ba don hani ba, da babu giwan ruwan da zai girma har ya kai a yi gasa a kansa.

Yadda Ingila ta ɓullo wa al'amarin

Kwatanci da wata ƙasa zai ƙara haske. A Ingila, kogin da ruwan teku ba ya hawa cikinsa, ikon kifinsa na mai ƙasar da ke gaɓa ne, har zuwa tsakiyar ruwa. Ikon nan dukiya ce, ana sayar da shi, ana ba da shi haya dabam da gonar. Saboda haka masu fatsa su ka haɗa kai su ka kafa ƙungiyoyi, suna tara kuɗi suna kama yankunan kogi. Kulob ɗin Houghton, a kan Kogin Test, an kafa shi a 1822, na 'yan tsirarun masu hali ne. Ƙungiyar masu fatsa ta Birmingham kuwa, wadda a ka kafa a 1883, ta ma'aikatan birni ce masu yawa. Mai son fatsa sai ya mallaki abu biyu: lasisin gwamnati, da izinin ƙungiyar da ke riƙe da wurin. Akwai kuma hani na doka a kan yawancin kifayen kogi daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, lokacin da su ke ƙwai.

Tsarin yana da aibi, gama wanda ba shi da kuɗin shiga sai ya tsaya a kan gada yana kallo. Amma yana da wani ƙarfi da na Sarkin Ruwa ya rasa. Da ya ke ikon a rubuce ya ke, kuma dukiya ne, mai shi yana iya kai ƙara. A 1952 ƙungiyar masu fatsa ta Pride of Derby ta gurfanar da wani kamfanin masana'anta, da hukumar birnin Darbi, da hukumar lantarki, saboda ɓata ruwan Kogin Darwent, ta kuwa yi nasara, kotu ta umarce su su daina. Watau Bature ya tsare wuri da takarda, Bahaushe ya tsare lokaci da kwarjini. Kwarjini kuwa ba ya aiki sai a kan wanda ke jin kunyar mai shi.

Madatsa da doka

Cikin shekaru kaɗan a ka ɗaure rassan gulbin biyu. An gama madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, mai ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 450. Ta Goronyo a kan Rima an gama ta a 1984, a ka buɗe ta a 1992, tana ɗaukar miliyan 942. Duka biyu suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kuma don noman rani da ruwan sha a ka gina su. Amfaninsu ba ɓoyayye ba ne. Sai dai binciken da masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya buga a 1985 ya nuna cewa a ƙasan Bakolori malalar ruwa ta ragu, noman shinkafar fadama ya ja baya, kamun kifi kuma ya faɗi. Dalili a fili ya ke: in ruwa bai hau fadama da zurfi ya daɗe ba, kifi ba shi da wurin haihuwa.

Haka kuma ruwan ya daina bin kalandar da masunta su ka gada. Yana iya zuwa da rani in an saki na masu lambu, yana iya ƙin zuwa da damina in ana cika tafki. Wani lokaci kuma ya zo gaba ɗaya, kamar ambaliyar Satumba 2010, wadda ta cinye ƙauyuka da gonaki ta kuma yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen Kwalkwalawa. Sarkin Ruwa yana nan da rawaninsa, amma ranar da ruwa zai zo da ranar da zai tafi wani ma'aikaci ne mai makulli ke yanke su, nesa da gurbin da a ke su.

Doka ta zo a makare. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta kamu da guba da nakiya da lantarki, ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76 in ban da waɗansu 'yan nau'o'i, ta ba kwamishinan jiha ikon rufe wuri ko lokaci, ta kuma ce mai gina madatsa ya bar wa kifi hanya. Amma sa'ad da a ka kafa ta an riga an gama Bakolori da Goronyo. A 1993 kuma dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta danƙa ikon duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya ga Gwamnatin Tarayya. Sai iko ya rabu uku: tarayya na da ruwa, jiha na da lasisi, Sarkin Ruwa na da sanin gurbi da mutanen da ke shigarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ce masu zuba maganin ƙwari a ruwa su ka shigo, da masu tace 'ya'yan kifi da gidan sauro.

Abin da ya rage

Mutumin Arkilla zai iya cewa wannan ba damuwarsa ba ce, tun da akwai kifin ƙanƙara da a ke kawowa daga teku, da tarwaɗar da a ke kiwo a kududdufin siminti. Amma waɗannan da kuɗi a ke samunsu, alhali kifin fadama shi ne naman talakan bakin gulbi, shi ne kuma abin da ke riƙe masunci da mai banda da mai talla. In ya ƙare, mutanen nan birni za su shigo neman abin yi.

Gyaran ba ya bukatar a kwafo kulob irin na Ingila, domin mayar da gaɓar Rima dukiyar masu kuɗi zai saɓa wa addini da al'ada. Abin koyi a can guda ne, watau mai tsaron kifi ya zama yana da tsayuwa a gaban hukuma. Idan jiha ta rubuta hanin Sarkin Ruwa ya zama hanin doka, ta kuma ba masunta kujera a inda a ke shawarar sakin ruwan Goronyo da Bakolori, yadda za a riƙa sakin wani kaso a kan kari domin fadama ta sha, to, sani da iko za su sake haɗuwa a wuri guda. In ba haka ba, yaron da ke tasowa a Arkilla zai iske yauni da ramboshi da fashin ruwa a ƙamus kaɗai, ya tambayi malaminsa ma'anarsu.