AMSOSHIN TAKARDUNKU: Da Gaske Ne Mai Ciki Ta Ci Gasar Duniya?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Gwaram ta Jihar Jigawa, daga wani manomi mai fataucin hatsi. Bayan gaisuwa, ya ce gardama ce ta kaure tsakaninsa da abokan cinikinsa a kasuwar Birnin Kudu. Wani ya ce wai akwai matar da ta ci gasar ƙwallon tanis ta duniya tana ɗauke da juna biyu, saboda haka matanmu da ke kukan ciki ya hana su daka da ɗebo ruwa ragwanci ne kawai. Mai tambaya ya ce shi ma iyalinsa na da ciki, yana so ya ji gaskiyar magana.

AMSA: To, malam mai tambaya, rabin maganar abokinka gaskiya ce. Sauran rabin kuwa, bi mu a hankali ka ji.

Sunan matar Serena Williams, baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta ran 26 ga Satumba, 1981. Shi tanis wasa ne na mutum biyu, ko bibbiyu, ana kafa raga a tsakani, kowa na riƙe da wani abu mai kama da rariya mai dogon mariƙi, yana buga wa ɗan'uwansa 'yar ƙaramar ƙwallo. Wasa ɗaya kan ɗauki awa biyu ana tsalle da guje-guje. Manyan gasanninsa huɗu ne a shekara: na Ostireliya, da na Faransa, da na Wimbledon a Ingila, da na Amurka.

Serena ba 'yar masu hali ba ce. A Compton ta tashi, wata unguwar talakawa kusa da Los Angeles, inda ubanta Richard da uwarta Oracene suka koya mata wasan ita da yayarta Venus a filayen gwamnati. Ta ci babbar gasarta ta farko a 1999 tana da shekara 17. Gaba ɗaya ta ci manyan kofuna 23 ita kaɗai, da 14 tare da Venus, da lambobin zinariya 4 a wasannin Olamfik. Ita da yayarta sun zo Legas a 2012, sun gana da 'yan mata 'yan makaranta.

Yanzu ga abin da kuke gardama a kai. Ran 28 ga Janairu, 2017, a birnin Melbourne na Ostireliya, Serena ta doke Venus a wasan ƙarshe, ta ɗauki kofinta na 23. A lokacin tana da ciki na kimanin mako takwas, watau wata biyu. Nan abokinka ya yi gaskiya.

Amma ga abin da bai faɗa muku ba. Na farko, cikin ƙarami ne, bai ko fito ba. Na biyu, ta ga likita kafin ta shiga gasar. Na uku, tana gama wannan gasa ta ajiye wasa, ba ta sake shiga wata ba sai bayan ta haihu.

Haihuwar ma ba ta zo da sauƙi ba. Ran 1 ga Satumba, 2017, bugun zuciyar jaririyar ya yi ƙasa ana cikin naƙuda, dole aka yi tiyata aka ciro ta. Washegari sai numfashin Serena ya soma sarƙewa. Da ma a 2011 ta taɓa fama da gudan jini a huhu, watau jini ya daskare cikin jijiya ya tafi ya toshe hanya, don haka ta san alamar. Ta gaya wa nas, nas ta zaci maganin rage zafi ne ya ruɗa ta. Ba ta yi shiru ba, ta nace sai an ɗauki hoton ƙirjinta. Da aka ɗauka, sai ga gudajen jini a huhun. Tari ya ɓarke ɗinkin tiyatar, aka sake shiga da ita, ta yi mako shida a kwance. Ka ji, matar da duniya ke yi wa kallon ƙarfe ce, ga kuɗi, ga likitoci, amma saura ƙiris ta tafi.

Ta koma wasa a 2018. Sau huɗu tana kaiwa wasan ƙarshe na manyan gasa bayan haihuwar, ba ta ci ko ɗaya ba, kana ta yi wasan bankwana a New York a Satumba 2022. A ƙarshen 2018 hukumar tanis ta mata ta gyara dokokinta, yadda wadda ta tafi haihuwa za ta iya dawowa da matsayinta na da. Ita kuma Serena ta ba da labarin jinyarta a fili, don a riƙa sauraron mai jego in ta ce jikinta ba daidai ba.

Saboda haka, malam, kada a mai da labarin nan bulalar dukan matanmu. Mai ciki lafiyayya tana iya 'yan aikace-aikacenta da zirga-zirga, motsa jiki ma na da amfani. Amma ɗaukar buhu, da faskare, da doguwar tafiya da tulu a ka bayan ciki ya tsufa, a ɗauke mata. Ka bar ta ta je awo tun da wuri, ka kuma ware kuɗin mota tun kaka kana sayar da hatsi, kada ka jira ranar naƙuda.

In ka ga zubar jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko zazzaɓi, ko haki da ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, da ciki ne ko cikin jego, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce a bari gari ya waye. A kai ta asibiti mafi kusa, in abin ya fi ƙarfinsu ga Asibitin Tarayya nan a Birnin Kudu. Matanmu da yawa kunya da kawaici kan hana su faɗin abin da ke damunsu. Kai ne za ka tambaya, in ta faɗa kuma ka yarda.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, a kuma karanta wa abokan gardama wannan amsa ran kasuwa. Allah Ya sauki iyalinka lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.