Bikin Yaye Ɗalibai a Jami'a: Abin da Ya Kamata Iyaye da 'Yan Uwa Su Sani

Ranar da Jami'ar Ahmadu Bello ko Jami'ar Bayero za ta yaye ɗalibanta, tun da sanyin safiya hanyar Samaru da hanyar Gwarzo ke cika da motoci. Iyaye, kakanni, ƙanne da maƙwabta kowa ya ci ado, an ɗauro kulolin abinci a bayan mota. Sai dai da yawa daga cikinsu sukan wuni a rana, su ga ayarin masu manyan riguna, su ji jawabai da Turanci, su koma gida ba tare da an yi musu bayanin abin da ya gudana a gabansu ba. Alhali su ne suka sayar da hatsi da dabbobi, suka shiga adashi, har yaron ya kai wannan rana. Sun cancanci su san abin da suke kallo.

Digiri ba a filin biki ake samunsa ba. Bayan jarrabawar ƙarshe, sakamakon ɗalibi yakan bi ta sashensa, ya wuce tsangaya, sannan ya isa majalisar malaman jami'a, wadda manyan farfesoshi da shugabannin sassa ke zama a cikinta. Ranar da wannan majalisa ta amince, ranar ce ɗalibi ya gama. Abin da ake yi a wurin biki shi ne shelanta wannan hukunci a bainar jama'a. Shugaban kowace tsangaya zai miƙe, ya ce ɗalibansa su tashi, ya gabatar da su yana mai shaida cewa an same su da cancanta ta fuskar ilimi da ta hali, sai uban jami'a ya furta cewa ya ba su digirin. Wanda ya san walimar saukar Alƙur'ani ba zai yi baƙunta a nan ba: yaro ya riga ya sauke a gaban malaminsa, taron da allon zayyana na sanar da gari ne. Ni dai wannan shaida ta hali ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk bikin, domin jami'a tana ɗora sunanta ne a kan mutum, kuma tana da ikon janye digirinta idan daga baya ta gano an yi maguɗi wajen samunsa.

Su wane ne ke cikin ayarin? A gaba za ku ga wani ma'aikaci riƙe da sanda mai ado, alamar ikon jami'a. Da an ajiye ta a gaban dandamali zama ya kafu. Uban jami'a shi ke jagorantar bikin, kuma a Najeriya galibi basarake ne. Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, shi ne uban jami'ar Zariya na farko bayan buɗe ta a watan Oktoba na 1962. Gwamnatin tarayya ta saba ɗauko sarki daga wani yanki ta kai shi wani, don ƙulla zumunci: a 2015 an naɗa Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar uban Jami'ar Ibadan, Obi na Onitsha kuma ya zama na Jami'ar Ahmadu Bello. Uban jami'a ba ya shiga harkar yau da kullum. Wannan aikin shugaban jami'a ne, wanda ɗalibai ke kira bisi, kuma shi ne zai karanto yawan waɗanda aka yaye da halin da makarantar ke ciki. Akwai shugaban majalisar gudanarwa mai kula da kuɗi da ɗaukar ma'aikata, akwai magatakarda mai riƙe da kundin sunaye. Sama da su duka akwai shugaban ƙasa a jami'o'in tarayya, ko gwamna a na jiha, ko da yake sau tari wakili suke turowa.

Doguwar rigar da hula mai kusurwa huɗu da tuntu sun zo mana ne daga tsofaffin jami'o'in Turai, ta hannun Ingila. Launin ƙyallen da ke rataye a kafaɗa yana nuna fannin da mutum ya karanta ko matakin digirinsa, masu digirin digirgir kuma hularsu mai laushi ce, zagayayya. Ɗalibi hayar rigar yake yi, sai ya mayar bayan biki.

Za ku ji ana ambaton darajoji, kuma nan ne zuciyar wasu iyaye ke sosuwa. A yawancin jami'o'inmu ana auna ƙoƙarin ɗalibi ne a kan maki 5, ana tara sakamakonsa tun daga shekarar farko. Wanda ya samu 4.50 zuwa sama shi ne mai daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ce mataki na sama, daga 2.40 zuwa 3.49 mataki na ƙasa, daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. Digirin likitanci ba a kasa shi haka, ci ne ko faɗuwa. Saboda yawan jama'a, masu daraja ta ɗaya da masu kyaututtuka da masu digirin digirgir ne kawai ake kira su hau dandamali su gaisa da manya, sauran dubbai a tsaye a wurinsu ake yaye su a dunƙule. Don haka kada uwa ta ji babu daɗi idan ba ta ji an kira sunan 'yarta a lasifika ba. Sunan yana cikin littafin bikin. Kuma ina roƙon iyaye, kada ranar ta zama ranar gori. Yaron da ya fito da daraja ta biyu mataki na ƙasa yana ɗinki ko tuƙa Keke Napep don ya biya kuɗin rajista, ko matar da ta yi karatu da goyo a bayanta tana girki tana bitar darasi, sun yi aikin da maki ba ya iya aunawa.

Wani abin da kan ɗaure wa mutane kai shi ne a kira su biki bayan yaro ya gama da shekara biyu ko uku, har ya yi hidimar ƙasa, wani ma ya yi aure. Dalili shi ne jami'o'i kan haɗa rukuni biyu ko fiye a biki ɗaya, saboda tsadar shiri da kuma rikicewar kalandar karatu. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya ci kusan wata tara a 2020, ga annobar korona a kai, sannan ya sake cin wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Waɗanda suka shiga karatun shekara huɗu a wannan tsakani, da yawansu sai da suka kwashe shida. Duk wanda ya ga irin waɗannan ɗalibai cikin rigar yaye, to ya taya su murna da gaske, sun sha jira.

A irin wannan taro ne kuma ake ba da digirin girmamawa. Ba karatu aka yi aka same shi ba, karramawa ce ga wanda ya yi wa al'umma aiki. Da abin ya fara zama na masu kuɗi da masu mulki, shugabannin jami'o'in Najeriya sun haɗu a Keffi a 2012 suka amince a daina bai wa masu riƙe da muƙaman siyasa. Jami'ar da ta kiyaye wannan, darajar takardar ɗalibanta ta kiyaye.

Ga wasu, rigar yaye ba ita ce ƙarshen hanya ba. Likita sai ya yi rantsuwar aiki, ya kuma yi shekara guda ta horo a asibiti. Wanda ya karanta shari'a sai ya shiga makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano, kafin ya tsaya a gaban alƙali. Sauran kuma hidimar ƙasa ke jiransu, shirin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973: mako uku a sansani, sannan ragowar shekara a wurin aiki, galibi a jihar da ba tasu ba. Wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama, takardar yafewa ake ba shi.

Kafin a watse da ɗaukar hotuna, a tambayi yaron takardunsa. Akwai takardar sakamako ta wucin gadi da ake bayarwa da wuri, akwai ainihin takardar shaidar digiri, akwai kuma kundin makin kowane darasi, wanda jami'a ke aikawa kai tsaye ga wata makaranta idan za a ƙaro karatu. Ba a samun su sai an bi ɗakin karatu, ofishin kuɗi, ɗakin kwana da sashe an sa hannu cewa ba a bin ɗalibi komai. Ya tabbatar sunansa yana cikin kundin hukumar JAMB na waɗanda aka ɗauka karatu bisa ƙa'ida, don idan babu shi kiran hidimar ƙasa ba zai fito ba. Ya kuma duba rubutun sunansa harafi bayan harafi. Idan an rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can, ko ranar haihuwa ta saɓa da ta katin ɗan ƙasa, gara a gyara tun yana kusa da ofishin magatakarda, kafin ranar da wata ma'aikata za ta dawo masa da takardunsa a kan harafi ɗaya.