Ulysses Grant: Janar ɗin da Ya San Darajar Guzuri

A shekarar 1860, Ulysses Grant akawu ne a shagon fatun mahaifinsa da ke garin Galena a jihar Illinois, yana da shekara 38, ba shi da cas ba shi da as. Shekara huɗu bayan nan, dukan rundunonin gwamnatin Amurka suna tafin hannunsa. An saba jingina wannan ɗaukaka ga taurin zuciyarsa, kuma lalle yana da ita. Amma babban makaminsa shi ne sanin cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɗan majemi ne, an haife shi a Ohio a 1822. Ya gama makarantar hafsoshi ta West Point a 1843, ya zo na 21 cikin ɗalibai 39, ba a san shi da komai ba sai gwanintar hawan doki. A yaƙin Meziko na 1846 zuwa 1848 aka ɗora masa aikin kula da abinci da alfadarai da kekunan kayan rundunarsu, aikin da matasan hafsoshi ke rainawa. A nan ya koyi lissafin abin da soja dubu za su ci a yini, da yadda za a kai musu shi. Ya ajiye kaki a 1854 ana raɗe-raɗin shaye-shaye a kansa, ya gwada noma bai ci riba ba, har itacen girki ya sayar a titunan St. Louis.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 tsakanin gwamnati da jihohin Kudu masu riƙe da bayi, sai ya koma soja. Idonsa na kan koguna, domin su ne hanyoyin kaya. A Fabrairun 1862 ya ƙwace sansanonin Henry da Donelson, waɗanda suka tsare kogunan Tennessee da Cumberland.

A Vicksburg basirarsa ta fito fili. Garin na bisa tudu a gaɓar Mississippi, igwoginsa sun toshe kogin. Watanni Grant ya yi yana neman hanya, har haƙa mashigin ruwa ya gwada, bai yi nasara ba. A Afrilun 1863 ya gangara da sojojinsa ta gaɓar yamma, jiragen ruwan yaƙi suka ratsa ruwan wuta cikin dare, ya haye kogin ta kudancin garin. Daga nan ya rage dogaro da kayan da ake aiko masa daga baya. Aka tattaro kekunan shanu da na doki daga gonaki aka loda musu harsasai, sojoji kuma suka ci shanu da kaji da masarar yankin. Cikin ƙasa da mako uku ya ci yaƙi biyar, sannan ya kewaye garin. Mazauna suka koma kwana cikin ramukan da suka haƙa a jikin tudu, aka kai ga cin naman alfadari. Ranar 4 ga Yuli Janar Pemberton mai tsaron garin ya miƙa wuya da soja kusan 30,000, Kudu ta rabe gida biyu.

A Maris 1864 Shugaba Lincoln ya naɗa shi babban kwamanda. Karawarsa da Janar Robert Lee na Kudu a Virginia ta lashe rayuka masu yawa, musamman harin Cold Harbor, wanda shi kansa ya yi nadamarsa, har wasu suka laƙaba masa sunan mahauci. Duk da haka bai ja da baya ba. Ya yi wata tara yana datse layukan dogon da ke ciyar da garuruwan Petersburg da Richmond, har yunwa ta ci ƙarfin Lee.

Ranar 9 ga Afrilu 1865 Lee ya miƙa wuya a Appomattox. Grant ya sallami sojojin Kudu zuwa gidajensu, ya bar wa masu dawakai dawakansu don su yi huɗa, ya kuma sa aka raba musu abinci. Kafin shekarar ta ƙare, tsarin mulkin Amurka ya haramta bauta, mutum kusan miliyan huɗu suka sami 'yanci.